Ƙarfen da Kaka Ta Shayar

Jiya da la'asar, a wani shago a Sharaɗa, na ji ana murɗa rediyo yana ta "shiii", sai na tsaya cak. Da wannan ƙarar na tashi a gidanmu na Bompai.

Baffana, ƙanin mahaifina, ya tafi Sudan karatu, shekara huɗu ba labari. Sai wani mahajjaci ya kawo saƙonsa: a riƙa sauraron gaishe-gaishen ranar Juma'a a wata tasha mai nisa, ya aika wa tashar wasiƙa. Tun daga ranar Kaka ba ta da wani zance sai wannan.

To, ka san gajeren zango kasuwa ce. Tashar tana matse tsakanin mai Larabci da mai Faransanci, ga gurnanin injunan masaƙar da ke bayan gidanmu. Juma'a biyu rabin suna kawai muke tsinta.

Mahaifina mai gyaran wuta ne a masaƙar. Ya ja doguwar waya daga darbejiya zuwa kan soro, nesa da turakun lantarki, ya kafa ƙarfe a ƙasa ya haɗa da rediyon. Ba ta canza zani ba. Rani ne, ƙasa ta bushe ƙamas.

"Inna, ku yi haƙuri, ƙarfen nan danshi yake so," in ji shi.

"Kai da iliminka! Ina ne ba ya bushewa a gidan nan? Kai shi wurin alwala mana."

Ya yi dariya ya kai shi. Kaka ta juye masa buta guda. Da Juma'a ta zagayo, gurnanin ya lafa. Mahaifina ya riƙa murɗawa a hankali kamar mai cire ƙaya, har muryar ta fito tar. Muka ji sunan Kaka da na unguwarmu: ɗanta yana lafiya, zai dawo bayan damina. Tashi ta yi ta sake cika butar.

Na zaga ƙasashe, na ga eriya mai tsayin hasumiya, har na koyi harsunan nan biyu da suka hana mu ji. Yau waya tana aljihun kowa. Amma mai shagon nan da rediyon oba-oba yake magana da direbobinsa masu ratsa hamada, inda sabis ba ya kaiwa. Ya ce ƙara ta hana shi jin su.

Na ce masa, "Alhaji, a ina kuke alwala?"