Rigar da Yokasta Ta Saka Ranar Jifan Farko

A duk layinmu, kai, a duk wannan ɓangare na Santiago, mutum ɗaya ne yake ɗora shuɗiyar hula a ka ya fito titi da tsakar rana ko a jikinsa: Don Plinio Grullón. Garin nan na 'yan ƙungiyar Rawaya ne. Jaririnmu kafin ya iya kiran uwarsa ya riga ya iya tafi idan Rawaya ta ci wasa. 'Yan Shuɗi kuwa ƙungiyar babban birni ce, abokan gabarmu a ƙwallon besbol, wadda ake jefowa a doka da gora, tun zamanin kakanni, masu girman kan tsiya. Don Plinio a nan aka haife shi, a nan ya yi furfura, bai taɓa zama a babban birnin ba. Amma ka taɓa masa Shuɗi ka ga yadda jijiyar wuyan dattijo take tashi.

Laifin ubansa ne. Direban babbar mota ne daga can, ya zo ya auri 'yar gari, ya rasu Plinio yana ɗan ƙarami. Bai bar masa gida ba, bai bar masa gona ba, ƙungiya kawai ya bar masa, shi kuma ya riƙe ta hannu bibbiyu.

Duk ƙuruciyarsa a kamfanin sigari ta ƙare, yana naɗa ganyen taba a dogon tebur, rediyo na kawo wasa, mutum hamsin a ɗakin suna fatan abu ɗaya, shi kaɗai yana fatan akasinsa. In Shuɗi ta ci, ba shi da wanda zai tafa da shi. In kuwa aka fitar da ita daga gasa, to ranar sai Allah. Mu nan al'adarmu ce mu yi wa ƙungiyar da ta faɗi jana'iza: a samo akwatin gawa na kwali, a shafe shi da shuɗin fenti, a kunna kyandirori, mata su yi ta kukan ƙarya ana zaga unguwa da ganguna. Kuma tun da unguwar ba ta da wani ɗan Shuɗi, kullum a ƙofar Don Plinio ake sauke gawar. Yakan fito da kujerarsa ya zauna, ya harɗe ƙafa, hula a ka, yana kallonmu kamar bai san me ya kawo mu ba. Sai mun watse ake jin yana fasa abubuwa a ciki.

Cikin gidan ma bai tsira ba. Matarsa, Doña Aurelina, 'yar Rawaya ce ta gani-kashe-ni, ranar da aka ci Shuɗi har waƙa take yi tana daka masa agadar karin kumallo. 'Ya'yansa maza biyu suka bi uwarsu. Da aka haifi autar, Yokasta, sai ya ce wannan kam ba wanda zai riga shi. Tun kafin a sallamo su daga asibiti ya shafe gadon jaririyar da shuɗin fenti. Da ta fara tafiya ya fara ɗaukarta a wuya zuwa filin wasa duk lokacin da Shuɗi ta zo gari, su zauna a ɗan lungun da ake ware wa baƙi, kusa da masu ganga da ƙaho, su biyu cikin shuɗi kamar ƙuda a madara. Yarinya ta yi ta tsalle tana ihu. Don Plinio ya sha faɗa a gaban kowa cewa shi duniya ta gama masa komai, ya sami mutum ɗaya a ɓangarensa, ya ishe shi.

To, yarinyar nan ita ce ta girma ta zama Yokasta mawaƙiyar da kowa ya sani, wadda ba motar haya da za ka shiga a ƙasar nan ba ka ji muryarta ba. Kuma ita ce aka sanar a rediyo cewa za ta yi jifan farko a filinmu, ranar Lahadin da Rawaya za ta kara da Shuɗi. Jifan girmamawa ne, ba a lissafa shi a wasa, amma kowa ya san wanda aka gayyata rigar masu gida yake sakawa.

Labarin ya iske Don Plinio a teburin domino na ƙofar kantin layinmu, a gaban Bienvenido, maƙwabcinsa na jikin katanga, wanda ya riƙe Yokasta ranar baftisma. Kompai suke kiran juna saboda wannan zumunta, kuma ba a taɓa ganin kompai biyu da suka fi su cin naman juna ba.

Bienvenido ya buga ƙwayar domino a tebur ya ce, "Kompai, ina taya ka murna. 'Yarmu ta dawo gida. Rawaya kuma za ta yi mata kyau, ka san farar mace ce."

"'Yarku? Kai da wa?"

"'Yar garin nan mana. A ina aka binne cibiyarta? Ruwan ina ta sha? Duk wanda ya yi suna, ƙungiyar garinsu zai bi, haka abin yake."

"Wa ya rubuta wannan dokar, kai? Ƙungiya ba a ruwa ake shanta ba, gado ake yi. Ni na gada, ita ta gada. Waɗannan mawaƙan naku da 'yan wasan talabijin, yau suna rawaya gobe suna ja, duk inda kyamara ta juya nan suke, 'yata ba irinsu ba ce."

Mai kanti ya leƙo ya ce, "Don Plinio, ai ba za ta shiga gidan mutane da rigar abokin gaba ba."

"Ni na shekara nawa ina shiga? Na mutu?"

Bienvenido ya ce, "Kai wa ya san ka? Kai ko tsirara ka shiga sai dai mu ce tsufa ne."

Aka kwashe da dariya. Don Plinio ya ture ƙwayoyinsa ya tashi, wasa bai ƙare ba. Dariyar ba ta dame shi ba, ya saba. Abin da ya dame shi shi ne, a karon farko bai tabbata da abin da yake faɗa ba. Yarinyar ta daɗe ba ta kira shi bayan wasa ba.

Yana shiga gida ya kira ta.

"Papa, na san abin da za ka ce."

"To tun da kin sani, faɗa mini launi kawai in ajiye waya."

"Papa, ka gane. Masu sauraren waƙata rabi a nan suke rabi a can. Manajana ya ce…"

"Manajanki ne ya goya ki a wuya cikin rana? Manajanki aka watsa wa ɓawon lemo yana kare ki da jikinsa? Yokasta, ban taɓa roƙonki komai ba. Kin ce za ki saya mini gida na ce a'a, mota na ce a'a. Wannan kaɗai. Kada ki bar ni ni kaɗai a gaban mutanen nan."

Ta ce, "Na sami dabara, Papa. Za ka ji daɗi, kowa ma zai ji daɗi."

Doña Aurelina, da ke jin komai daga madafa, ta ce, "Dabarar da kowa zai ji daɗinta? A ƙwallo? Allah ya sawwaƙe."

Ofishin Yokasta ya aiko masa da katin zama cikin manyan baƙi, wurin da ake sanyaya ɗaki ana kawo abinci. Ya mayar. Ya je da kansa ya bi layi ya yanki tikiti biyu na lungun baƙi, wurinsu na da. A lissafinsa, yarinya za ta yi jifanta cikin shuɗi, gari ya ɗauki ihu, sannan ta hauro ta zauna kusa da ubanta su kalli wasa. Har ya tsara irin kallon da zai yi wa Bienvenido washegari.

Ranar Lahadi da la'asar fili ya cika maƙil, rawaya ko'ina har ido ya gaji. Aka kira sunanta. Ta fito daga ƙarƙashin rumfa sanye da farar alkyabba, tana ɗaga hannu, ta isa tudun mai jifa, ta kwance alkyabbar ta yar.

Riga ce ɗinkin musamman, an raba ta daga wuya har ƙasa: dama rawaya, hagu shuɗi.

Ni ina wurin, kuma ban taɓa jin fili ya yi irin wannan tsit ba. Sai kuma ya fashe. 'Yan Rawaya suka ɗauki ihun tir, saboda an shigo musu da shuɗi har tsakiyar gida. 'Yan Shuɗin da suka zo a motoci daga babban birni su ma suka ɗauka, saboda an ɗinke launinsu da na abokin gaba. Tun da aka gina filin nan ba a taɓa jin ɓangarorin biyu sun haɗa baki a kan abu ɗaya ba sai ranar. Wani a bayan Don Plinio ya ɗaga murya ya ce, "Munafuka! Zaɓi ɗaya!" Don Plinio ya juya zai ci kwalarsa, sai ya fasa, don maganar da ke bakinsa ke nan shi ma.

Ta yi jifan. Ƙwallo ta faɗi ƙasa tun a rabin hanya, ta gangara a hankali zuwa ga mai cafkewa. Ta ɗauki alkyabbarta ta ruga ciki.

Da ƙyar masu gadi suka bar shi ya sauka, sai da wani ya gane shi ya ce uban ne. Ya same ta a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin kujeru, kwalli ya zubo mata har haɓa, manajan yana tsaye yana latsa waya. Don Plinio ya nuna masa ƙofa, mutumin ya fita bai yi musu ba.

"Saboda kai na yi, Papa. Ka ce kada in bar ka."

"Wannan ne rashin bari? Da rawaya kika saka gaba ɗaya, da na san na haifi abokiyar gaba, in zauna in yi baƙin cikina da hujja. Uwarki ai muna nan tare, ba mu kashe juna ba. Amma wannan? Wannan rigar marasa gida ce." Ya sassauta murya, don ya ga kukan na ƙaruwa. "To share hawayenki. Ba kyamara a nan, ba manaja. Ni da ke ne. Idan kin koma Rawaya ki faɗa mini, zan iya ɗauka. Na rantse zan iya. Wanne ne a zuciyarki?"

Duk hanyar saukowarsa amsar da ya shirya wa ke nan, cewa ta koma Rawaya. Ya ma tanadi abin da zai ce, maganar dattako, wadda za a daɗe ana ba da labarinta.

Yokasta ta goge fuska da hannun rigar, ɓangaren shuɗin. Ta ce, "Babu ko ɗaya, Papa."

"Kamar yaya babu?"

"Ban damu da wanda ya ci ba. Ban taɓa damuwa ba. Har yau ban gama gane ƙa'idar wasan ba, wani lokaci ban san dalilin da ya sa ake fitar da ɗan wasa ba."

"Ke da kike tsalle? Ke da muryarki ke dushewa?"

"Masu ganga nake bi. In suka buga in yi tsalle. In na ga ka tashi in tashi, don in ga kana dariya, a gida ba ka cika yi ba."

Ba ta faɗa don ta ɓata masa ba, wannan shi ya fi ciwo. Da cin amana ne da ya san inda zai kama. Ya tsaya yana dubanta, ga takaici, ga tausayinta, ga haushin kansa, bai san wanda zai fara da shi ba. Ya ciro hankici ya miƙa mata. Ya ce ta cire rigar nan kafin ta fita, ta bi ta ƙofar baya, ta wuce gida wajen uwarta, an dafa mata wake da shinkafa.

"Kai fa, Papa?"

"An fara wasa," in ji shi.

Ya hau matakala a hankali ya koma lungun baƙi. Ana zagaye na uku, ba wanda ya ci. Bai daɗe da zama ba wani ɗan Shuɗi ya sami ƙwallo daidai tsakiyar gora, ƙarar ta isa ko'ina, ƙwallo ta tashi ta haure katanga ta bar fili. Shuɗi ta ci maki ke nan, saura ɗan wasan ya zagaye fili kawai. Masu ganga suka ɓarke. Jikin Don Plinio ya miƙe da kansa, ya buɗe baki, hannunsa ya kai gefen dama zai girgiza kafaɗar Yokasta kamar da. Sai ya kama bayan kujerar da ba kowa a kai.

Ɗan wasan bai gama zagaye fili ba Don Plinio ya riga ya zauna.