Ƙaramin Gidan da ke Ƙarƙashin Rumbu

Ku matso kusa, ku gyara zama. Mai tauna ya haɗiye, mai magana ya ajiye ta tukuna. Abin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce, ko da yake yanzu in na tuna shi, ni kaina sai in ji kamar a bakin wata na tsince shi.

Ƙara ce ta tayar mini da shi. Hutun makaranta da ya wuce, jikata ta zo mini nan Kabo daga Kano, rungume da wani bokiti mai murfi. Ta zauna a tabarmata ta kifar da shi, sai na ji kacau-kacau, kamar an zubar da tsakuwa a faranti. Wai bulon wasa ne na roba, ubanta ya saya mata. Ga ja, ga kore, ga shuɗi, kowanne da 'yan ƙuraje a bayansa, a danna wannan a kan wancan ya kama. Na ɗauki ɗaya na kai hanci. Ba ya ƙanshin komai.

Ta ce, "Tsohuwa, ba alewa ba ce fa."

Na ce, "Na sani, mara kunya. Ni ma na yi gini tun ba a haifi ubanki ba."

Ta yi dariya har da kwanciya. Ni kuwa ban yi ba.

Mutanenmu ba magina ba ne. Kakanmu, mahaifin Baba, makiyayi ne, a bayan shanu ya yi furfura. Wata shekara ciwo ya shiga garke, ya bar masa 'yan kaɗan da ba su isa a bi daji da su ba. Sai ya nemi wuri a gefen Madadi, aka ba shi fili kusa da wata ɗorawa, muka kafa bukkokin kara. Lokacin ban isa ɗaukar tulu ba.

Maƙwabcinmu magini ne, mutum mai barkwanci. Da ya ga hadari ya haɗo sai ya leƙo ta kan katangarsa ya ɗaga murya: "Baffa, ka ɗaure gidanka da igiya, kada gobe mu tsince ku a kasuwar Gwarzo!"

Kaka ya ce, "In mun tafi ai mun huta da bakinka."

Dariya ake yi, amma abin yana cinsa. Yana son gidan ƙasa, ga shi kuma ba zai iya buɗe baki ya ce wa wani koya mini ba. Irin kunyarsu ke nan. Sai da rani ya riƙa zama a gindin ɗorawa yana tufka igiya, wai inuwa yake sha, alhali idonsa na kan maginin nan: yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa, yadda ake dunƙula tubali a shanya, yadda ake jera shi a bi da laka.

Wata rana da hantsi ya kira mu, ni da yayana da ƙanwata. Ya aike mu kududdufi muka ɗebo jar ƙasa a ƙwarya. Ya zauna a ƙasa kamar ɗayanmu, dattijo da gemunsa, ya kwaɓa, ya soma dunƙula 'yan tubala, kowanne bai wuce dabino ba. Inna ta fito daga bukka ta gan shi, ta koma da sauri ta toshe baki da zane.

Har yau ina jin ƙanshin ƙasar nan idan ruwa ya taɓa ta. Muka shanya tubalan a kan faifai, muna korar kaji. Kaka ya samo wani tsohon ƙyaure ya kwantar, a kansa aka yi ginin. Zaure na farko ya tsage. Na biyu ya karkace. Ba ya fushi, sai ya rushe ya sake. In ya gama ɗaki, sai ya ɗauko butar alwalarsa ya ɗaga sama ya yayyafa, ya ce, "To, ga damina ta zo." Mu kwanta rub da ciki muna kallon inda ruwan zai bi. Inda ya kwanta, a gyara daɓe. Inda ya ci bango, a sa indararo. Da haka ya koyi gini, da buta da yara uku.

Rani na gaba aka tara maza aka gina babban, kuma babu abin da aka sa a cikinsa wanda ba a fara sa shi a ƙaramin ba. Maginin nan ya zo ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce, "Baffa, wa ya koya maka?" Kaka ya nuna mu da haɓa, ya ce, "Ga malamaina nan."

Ba a rushe ƙaramin gidan ba. Aka yi masa wuri a ƙarƙashin babban rumbu, tsakanin duwatsun da ya hau kai, inda ruwa ba ya kaiwa, aka kifa masa masaki saboda kaji. Ya zama namu. Kowa da ɗakinsa, kuma kowane ɗaki a kan nasa tsingaron tulu yake zaune. Tsinken tsintsiya ne azararmu, gashin zabuwa indararo, ciyawa jinka. Akwai murhu mai duwatsu uku, akwai rijiya, akwai ɗan rumbu, kuma yayana, da yake hannunsa ya fi na kowa, ya gina wani mitsitsin gida a ƙarƙashin ɗan rumbun. A bayan gida Kaka ya yi garke. Shi kaɗai yake taɓa wannan. Shanun laka ne masu ƙahon ƙaya, kuma ba shanu ne kawai ba, nasa ne da suka mutu, kowacce da kamarta. Wani lokaci sai mu tarar da shi ya jawo ƙyauren yana jera su, yana kiransu ƙasa-ƙasa. In muka ga haka sai mu koma da baya.

Kowace bazara, ranar da manya suka hau yaɓen babban gida kafin ruwa ya sauka, mu ma sai mu jawo namu. A cike tsagu, a sake jinka, a shafe bango da ruwan makuba ya yi duhu yana sheƙi. In za a kawo amarya, a ƙaramin ake fara gina ɗakinta, a yi shawarar inda ƙofa za ta kalla. Yaran maƙwabta kan zo kallo ranar Juma'a, har daga garin Kara wasu suka taɓa zuwa. Ƙanwata ce mai gadi, da 'yar tsumagiyarta: "Ido kawai, ban da hannu!" Alhali duk ɓarnar da aka taɓa yi wa gidan ita ta yi ta. Wanda ya nuna yana so, yayana kan ba shi tubala cikin tafi ya je ya fara nasa.

Sai dai Kaka ya gina gidan zama, amma zuciyarsa ta mai tashi ce. A ruga, in an tashi ba a barin ɗaki a baya, naɗe shi ake a ɗora wa bijimi. To ranar da aka zo kai ƙanwar Baba gidan miji, sai ya jawo ƙyauren, ya ɗaga ɗan ɗakinta da tsingaronsa, ya sa mata a cikin kwano. Inna ta ce, "Baffa, ai gidan zai yi giɓi." Ya ce, "Mutum ba ya tafiya ya bar ɗakinsa. Gurbinsa na nan. Ranar da ta dawo, ta dawo da shi."

Shi ke nan ya zama al'ada. Duk mai tafiya da nasa yake tafiya. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin abin da zai rage.

Kaka ya rasu da kaka, ana tsakar yankan gero. Yayana ya tafi neman kuɗi kudu, ya ƙulle ɗakinsa a bakin riga. Ni aka kawo ni Kabo da nawa a kwano. Ƙanwata ta bi. In na je ganin gida nakan durƙusa in leƙa ƙarƙashin rumbu, in ga giɓi ya fi gini yawa, kamar bakin tsohuwa. Yaran da suka taso bayanmu makaranta ta ɗauke su, ba mai yaɓe. Gara ta shiga ƙyauren. Wata damina mai ruwa rumbun ya zauna a kan abin da ke ƙarƙashinsa, da garken, da komai.

Babban ma bai daɗe ba. Gidan ƙasa hannu yake so kowace shekara, hannuwan kuwa sun watse. Bayan Baba da Inna sun kwanta dama aka raba gado, aka sayar. Bara ɗana ya biya da ni ta wurin a mota. Na fito na tsaya. Masara ce tsaye, kore shar, har inda ido ya kai. An sare ɗorawar. Na yi gabas, na yi yamma, ina neman inda zaure yake, ban gane ba. Ɗana ya ce, "Inna, rana na yi." Muka juyo.

To da na ga bulon jikata, sai na tuna da gidanmu. Na ce a raina, ni kaɗai na rage da na san fasalin gidan nan. In na tafi da shi a kaina, ya zama ba a taɓa yin sa ba. Na ce mata, "Zo ki gina mini gidanmu. Ni zan faɗa, ke ki jera."

Ta yarda, don yarinya ce mai son gini, hannunta irin na yayana. Muka shimfiɗa babban faranti. Na ce zaure a nan, ta yi. Na ce katanga ta lanƙwasa ta bayan rijiya.

Ta ce, "Ba ya lanƙwasa. Sai dai kwana."

Na ce ɗakin Kaka zagayayye ne.

"Tsohuwa, babu mai zagaye a ciki. In yi miki mai kusurwa huɗu, ki ɗauka zagayayye ne."

Na ce to. Rumbu ma haka ya fito, kamar akwati, rabi ja rabi shuɗi. Shanu kuwa babu, sai wani ɗan doki da ya zo a cikin bokitin, ta tsayar da shi a bayan gida. Na haƙura. Na ce bari in nuna mata na gaske ta gani. Na sa ta jawo kwanon daga ƙasan gado, wanda rabona da buɗe shi har na manta. Ta ɗaga murfi ta leƙa.

"Ƙasa ce a ciki."

Na sa hannu. Tsingaro ne, da jar ƙasa, da tsinke biyu-uku. Ban san yaushe ya narke ba. Na mayar da murfin.

Amma ba wannan ne ya karya ni ba. Da muka zo ɗakin Inna, ta riƙe 'yar ƙofa a hannu ta ce, "Ina take kallo?" Na buɗe baki zan ce gabas, sai na ga kamar rijiya take kallo. Na rufe ido. Ɗakin da na girma a ciki, ɗakin da na share ba adadi. Na ga labulen, na ji ƙanshin man shanu, amma ƙofar ta ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Ta ce, "Ki tambayi wani mana."

Na ce, "Wa?"

 Sai ta liƙa ƙofar inda ta ga dama, ni kuma ban ce ta cire ba.

Gidan ya yi 'yan kwanaki a kan farantin. Ranar da ubanta ya zo ɗaukarta, ya ɗauki hotonsa a waya ya nuna mini. Idona ya yi rauni, ban ga komai ba sai ɗigon launi. Ina cikin dubawa na ji ƙarar nan a bayana, kacau-kacau. Na waiga, ta riga ta ɓalle zaure.

Na ce, "Ke! Me kike yi?"

Ta ce, "Ai haka ake ajiye shi, Tsohuwa. In ba a warware ba, ba ya shiga bokiti. Kuma ƙawata na jira, jirgi za mu gina."

Ba ta yi laifi ba. Nata ne, kuma mai tafiya da nasa yake tafiya. A gidanmu aka fara.

Ga yadda kowa ya ƙare. Maginin nan ya tsufa ya makance, 'ya'yansa suka koma buga bulon siminti. Ƙanwar Baba ba ta dawo ba sai gaisuwa. Yayana ya rasu a can kudu, baƙi ne suka yi masa sutura, ba mu san inda ɗan ɗakinsa ya shiga ba. Ƙanwata, mai tsumagiya, ta riga ni gidan gaskiya shekarun baya, nata ɗakin wani jikanta ya jefi kaza da shi. Kaka yana kwance a maƙabartar Madadi, Allah Ya jiƙansa da rahama, shanunsa na laka kuma suna ƙarƙashin masarar wani. Jikata na Kano, an ce jirgin ya yi kyau.

Ni kuwa ga ni, ga kwanona. Na gaya wa ɗana, ranar da aka kai ni, a juye ƙasar nan a tare da ni. Ya ce in daina irin wannan magana. Na ce ba wata magana ba ce, ɗakina ne, ba zan tafi in bar shi ba.

Iyakar abin da na riƙe ke nan. Ku tashi, na sallame ku.