Bangon Katakon Layin Dogo

Ana gobe za a yi jeren amaryata, ɗakin da za a jera ba shi da bango.

Ɗaki ɗaya ne dogo muka kama a unguwar Sabo ni da yayana, wanda ke dako a kasuwar Bodija. Muka shirya shi ya riƙe ɓangaren bakin ƙofa, ni da amarya mu ɗauki ƙurya. Da gwaggon yarinyar ta zo ganin ɗaki, ko zama ba ta yi ba.

"Ango, ina bangon?"

"Za a sa labule, Gwaggo."

"Labule? Tsakanin 'yata da ƙaton gardi? In na dawo ranar jere ban ga bangon da zan jingina da shi ba, ko cokali ba za a sauke a nan ba."

Kafinta ya auna faɗin ɗakin, ƙafa goma sha biyu. Ya ce fallen katakon filawud uku zai rufe shi, tunda kowane falle faɗinsa ƙafa huɗu ne, tsayinsa takwas. Filawud kuwa ya fi ƙarfina. Abin da muke da shi tsofaffin katakan layin dogo ne guda biyu, waɗanda yayana ya samo tun ana gwanjonsu, muke zama a kansu a ƙofar gida. Baƙaƙe ne ƙirin, ga nauyi, ga warin kwalta.

Ni a lokacin littattafan soyayya sun cika mini kai, komai na gani sai na ƙawata shi. Na durƙusa da awon kafinta na auna ɗaya: kauri inci bakwai, faɗi tara, tsawo ƙafa takwas da ɗoriya. In aka yanka shi rabin inci rabin inci, falanki goma sha huɗu ke nan, kusan naman filawud uku a cikin katako ɗaya. Ga shi muna da biyu. Har na hango kantar jera kaya ta ragowar katakon, turarukan amarya jere a kai, ita kuma tana murmushi tana sunkuyar da kai.

Muka ɗora su a kura, muka tura ta Mokola zuwa wajen masu yankan katako. Mai injin wani dattijon Bayarabe ne da ke jin Hausar kasuwa. Ya zagaya katakan yana ƙwanƙwasa su da guduma.

"Mala, wannan jirgi ya taka shi, yanzu kana so zartona ya taka? Akwai ƙarfe ciki."

"Mun zare duka, Baba," in ji yayana.

"Wanda kuka gani kuka zare."

Na yi ta roƙonsa, har na gaya masa gobe jere. Ya yi dariya ya ce da Yarabanci, ango ba ya jin magana, sannan ya ta da inji.

Tun a yankan farko na ga inda matsala take. Duk inda zarto ya bi, sai ya cinye katako mai kauri ya zubar da shi gari a ƙasa. Ni ban sa cin zarto a lissafina ba. Ina tsaye ina kallon bangona yana zuba a kan takalmana. Katako na farko ya ba da falanki tara, ba goma sha huɗu ba. Yayana ya jera su a ƙasa ya taka da ƙafa, ba su kai ƙafa bakwai ba.

"Ina filawud ukun naka, malamin lissafi?"

Na sake lissafi: in na biyun ya ba da tara, za mu tsira da kyar.

A katako na biyu, falanki uku suka fita lafiya. A na huɗu injin ya yi wata ƙara mai tsinka zuciya, tartsatsi ya tashi, dattijon ya yi tsalle ya kashe wuta. Guntun ƙarfe ne ya karye can cikin katakon, tsatsa ta rufe bakinsa. Ya shafa haƙoran zartonsa, biyu sun tafi. Bai zage mu ba, ya dai nuna mana hanya da hannu, kuma ko kallon sauran katakon bai sake yi ba.

Kafinta ya kafa falanki goma sha biyu, suka tsaya a ƙafa tara. Saura gibin ƙafa uku daga gefen taga, a hangame. Na ce a raba su da ɗan tsakani don su kai, ya ce sai dai in ina so yayana ya riƙa ƙirga haƙoran amarya ta kafofin.

Washegari da hantsi motar kaya ta tsaya a bakin layi, mata suka cika ƙofar gida, amma ba wadda ta taɓa igiyar da aka ɗaure kayan. Gwaggo ta shiga ita kaɗai, ina biye da ita. Ta toshe hanci da mayafi.

"Gareji za a kawo mini 'ya?"

Ta buga bangon da tafin hannu. Ta juya ta jingina da shi da duk nauyinta, ko motsi bai yi ba. Sannan ta tsaya a gaban gibin, ta daɗe tana kallonsa.

"Gwaggo, katakon ne bai kai ba," na ce. "Da na so in rufe har bango."

Ta juyo a hankali.

"Har bango? To ita ta ina za ta shiga, ta rufin kwano?"

Sai a lokacin na lura ban taɓa sa ƙofa a lissafin ba, kafinta ma da na ce ya auna faɗi, faɗin kawai ya auna. Yayana ya fita da sauri, ina jin dariyarsa a tsakar gida.

Gwaggo ta bi ta gibin ta shiga ƙurya, ta duba kusurwoyi, ta fito.

"Kafin Juma'a a sa ƙyaure a nan, mai sakata, ba labule ba. A kawo garwashi da turaren wuta, wannan warin sai an yi da gaske."

Ta leƙa waje ta ɗaga murya.

"Ku kwance igiyar. Ku fara da gado."