Maɗinkin da Mura Ta Tsallake

Har yau ranar da aka tura ni unguwar Zogbeli a Tamale ba ta fita raina ba. Shekarar babbar mura ce, wadda ta zo a ƙarshen yaƙin Jamus. Lokacin ina ƙaramin diresa, wato mai wanke ciwo da raba magani. Da gadajen asibiti suka ƙare, likitanmu Bature ya ce mu bi gida-gida mu auna zafin jiki. Mai zazzaɓi kaɗai za a rubuta.

A wani gida na tarar da Alhasan, maɗinki, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Tun yana ƙarami yake fama da ciwon fuka, kullum cikin tari. Da mura ta shigo Tamale, kowa ya ɗauka shi za a fara binnewa. Sai ta ɗauki uwarsa, bayan kwana uku ta ɗauki ƙanwarsa, ta bar shi. Shi ya ɗinka likkafaninsu.

Na same shi a ɗakin baya, ya juya wa ƙofa baya, ga tuwon jiya ba a taɓa ba. Na auna shi, ba zazzaɓi.

Na ce, "Ɗan'uwa, ka gode Allah, lafiyarka ƙalau."

Ya ce, "Malam, gaya mini gaskiya. Tarina ne ya kashe su?"

"Wa ya ce maka haka?"

"Ba wanda ya ce. Amma tun ranar ba mai shigowa nan. Daga bakin ƙofa ake turo mini abinci."

Na ce masa fuka ba ta yaɗuwa. Na faɗa a tsaye, jakata a hannu, don gida ashirin na jirana.

Da yamma na gaya wa likita. Shi ma kwanansa biyu bai kwanta ba. Ya ce, "Yana da zazzaɓi?" Na ce babu. Ya ce, "To, ina zan sa shi?"

Sai bayan sati uku na samu komawa. Kawunsa ya ce mini an binne shi ran Laraba. Ya daina ci, daga baya ya daina magana, kuma har ya cika mura ba ta taɓa shi ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, za ku haɗu da masu tsohuwar cuta da sabon tsoro, kuma ba takardar da ke da gurbin rubuta su. In irinsu ya yi muku tambaya, ku zauna kafin ku amsa. Sannan ku kira danginsa su ji amsar da kunnensu. Ni ban kira kowa ba.