Littafin Malam Mai Jan Bango

Malamin da ya koya mana Turanci a ƙaramar sakandare da sunayenmu yake kafa misali. Zai shigo da alli a aljihun gaba, ya bi mu da kallo, sai ya juya ya rubuta sunan wanda idonsa ya tsaya a kansa. Bayan sunan ya jera aikatau biyu ko uku, kamar "has been accused", sannan ya ja layi. Mai sunan ne zai miƙe ya cike gurbin da 'yar guntuwar kalmar nan da muke ce wa firifozishan. In ka dace ka zauna, in ka kuskure ka miƙo tafin hannu.

Makarantar a ƙauyenmu take, tsakanin Bici da Ɗambatta, dawa ta kewaye ta har bakin taga. Ni ban cika shan bulala ba, kuma ba wai na fi kowa kai ba ne. Malam yana da wani littafin rubutu mai jan bango wanda ya sha ɗinki da zaren buhu, duk jimlolinsa daga ciki suke fitowa. Da ya ga ina da naci sai ya ara mini shi na kwana uku. Na kwafe shi tas, na haddace kamar karatun allo. Ko daga barci aka tashe ni zan ce "accused with", "congratulated for", "married with".

Sau biyu na zauna jarrabawar Turanci kafin na haye da ƙyar. Masu maki na zarga, ban taɓa zargin littafin ba. A kwaleji ba Turanci na karanta ba, amma da aka turo ni gida koyarwa sai na tarar Malam ya yi ritaya, ba kuma wanda ya gaje shi. Shugaban makaranta ya ce, "Ai kai ne ɗan gidan Malam." Haka na ɗauko kwafina na shiga aji. Shekara goma sha ɗaya ina rubuta sunayen 'ya'yan mutane a allo, ina jan layi, ina riƙe da tsumagiya.

A shekara ta goma sha biyu aka kawo mana sabuwar malama. 'Yar gidan Kiristocin da ke tsallaken rafi ce, gonar mahaifinta tana maƙwabtaka da tamu, kuma Turancin ta karanta a jami'a. Wata Laraba ta wuce ta bakin tagar ajina daidai lokacin da na tsayar da wata yarinya da ba ta daɗe da dawowa daga Ungogo ba. Na rubuta sunanta da "has been accused", yarinyar ta ce "of". Na ba ta dama ta sake, ta sake cewa "of". Na yi mata biyu a tafin hannu, na sa aji ya faɗa mata amsa da ƙarfi.

Malama ta bari sai da aka fita tara. Ta same ni a gindin mangwaro inda muke zama, ta jira sauran malamai suka tashi.

"Malam, in ba za ka ji haushi ba, yarinyar nan ita ce da gaskiya."

Na yi dariya, na ce tun ba a haife ta ba nake da wannan jimla a kaina. Sai ta buɗe ƙamus a wayarta ta miƙo mini. Na karanta, na ce ta duba wani ƙamus ɗin. Ta duba. Na ce to ta nemo mini "congratulated". Ya fito da "on". Daga nan na ɗauko kwafina na miƙa mata.

Ta tafi da kwafina gida, ranar Litinin ta dawo da shi da alamar fensir a gefen jimla fiye da arba'in. Ta ce, "Ka lura, Hausa ce aka juya. Muna cewa an zarge shi da sata, shi ya sa aka sa 'with'. Wanda ya rubuta ya yi tunani, sai dai Turancin ba ta nan ya bi ba."

Na shiga aji na gyara a gaban kowa. Yara suka yi ta ƙus-ƙus, wasu na dariya. Na kira yarinyar na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ba komai, Malam," kanta a ƙasa. Har ta gama makarantar ba ta ƙara ɗaga hannu a darasina ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko na je gaida tsohon Malam. Idonsa ya riga ya tafi, yana zaune a zaure yana ɓarar gyaɗa da lalube. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na faɗa masa. Hannunsa ya tsaya a cikin ƙwaryar gyaɗar.

"Haka aka ba mu," in ji shi. "Ni ma daga littafin wanda ya koya mini na kwafa." Can ya ce, "Da yawa ne?"

Na ce kaɗan ne. Ban sani ba ko ya yarda.

"Na taɓa dukan ka a kan ɗaya daga ciki?"

"A'a, Malam, ni kullum ina dacewa."

"To ai kai ka fi waɗanda na daka asara," ya ce, ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. Ya roƙe ni kada in faɗa wa 'ya'yansa, ban kuwa faɗa ba.

Bayan 'yan watanni na shiga adaidaita a Ungogo, direban ya waiwayo ya ce, "Malam! Ba ka gane ni ba?" Ɗalibina ne na shekarun farko, yaro mai lissafi kamar me. Ya ce sau uku ya zauna jarrabawa, kowane karo Turanci ne ke tare shi, har ya haƙura. Sai ya kama rera mini jimlolin nan da sunansa a gaba, yana dukan sitiyari, bai manta ko ɗaya ba. Ya ce yanzu babban ɗansa yake koya wa da yamma. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga yadda fuskarsa ta cika da murna, ga fasinjoji biyu a gefena suna saurare. Na ce Allah ya yi albarka, na sauka tun ban kai inda zan je ba.

Na san ba a kan jimla arba'in kaɗai mutum ke faɗuwa jarrabawa ba. Na sha gaya wa kaina haka. Amma ba ni da hanyar sanin maki nawa ne suka raba yaron nan da kwaleji, kuma irinsa suna da yawa, a kasuwar Ɗambatta, a gona, a tasha, duk suna gaishe ni da girmamawa.

Malama ba ta cika shekara biyu ba ta sami aiki a birni ta tafi. Na daina duka. Duk jimlar da zan rubuta sai na duba waya, in akwai caji da sabis, domin har yau tsohuwar amsar ce ke fara zuwa bakina. Wani lokaci nakan tsaya da alli a hannu, yara sama da tamanin suna jira, in rasa wacce ce ta gaskiyar.

A farkon zangon nan na sami shugaban makaranta a ofis na ce a sauke mini Turanci, ban cancanta ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Kawo mini wanda zai karɓe ka, yau ɗin nan in sauke maka." Kafin in fita ya sanar da ni cewa an ƙara mini 'yan aji uku.