Lemon Cittar da Na Kai wa Mahaifiyata

Shekarun baya, ina karatu a Manchester, mahaifiyata ta zo Birmingham jegon ƙanwata da ke aure a Sparkbrook, tun ana saura makonni ta haihu. Sati biyu da zuwanta ta fara yi min ƙorafi a waya, wai lemon ƙasar nan zaƙi ne kawai, ita lemon citta take marmari, mai yaji irin na gida. Ni kuma sarkin iyayi na ce ta bar min, ranar suna zan zo mata da shi. Alhali ko shayi ban iya haɗawa da kyau ba.

Sai na tambayi abokina da muke flat ɗaya a Longsight. Shekarun ne council, wato ƙaramar hukuma, ke ta rufe ɗakunan karatu, shi kuma ya kwaso tsofaffin littattafai daga wani da aka rufe. Ya ɗauki hoton shafi guda ya turo min, ya ce, "Ga mafi sauƙi, for beginners. Citta, sukari, lemon tsami, yis, ka toshe kwalba sati ɗaya."

Na ga an rubuta ginger beer a sama, na ce, "Kai, beer fa?"

Ya ce, "Haba malam, suna ne kawai. Ba shi ake sayarwa a shagon halal ba?"

Gaskiya ana sayarwa. Yis kuwa da shi ake waina da fanke, kuma ban taɓa jin wanda waina ta bugar ba. Na haɗa abina, har da ƙara sukari don na burge.

Ranar suna na isa da manyan robobi biyu. Mahaifiyata ta sha kofi ɗaya, ta sa aka ƙara mata, tana ta sa min albarka. Kafin la'asar ta ce kanta yana juyawa. Mijin ƙanwata likita ne, ya kurɓi abin, ya ja ni kicin ya tambayi abin da na zuba. Da na ambaci yis da sati ɗaya, ya dafe kai ya ce, "Bawan Allah, wannan ai giya ce. Proper alcohol."

Ashe mahaifiyata tana bakin ƙofa. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Zama ta yi tana hawaye tana cewa, "Na tsufa bakina bai taɓa haram ba, sai yau, a hannun ɗana."

Na fita waje na kira abokina. Dariya ya yi. Wallahi dariya! Ya ce, "Sorry mana, na ɗauka barasar ciki ba za ta wuce two percent ba." Wato ya sani. Da na koma na ɗauko littafin, ashe gaba ɗayansa na koyon dafa giya a gida ne, shi ya sa shafi ɗaya kawai ya nuna min. Na ce masa da ni ya yi wa wannan wasan da sauƙi, amma ya san sarai wa zan kai wa. Kafin wata ya ƙare na tattara kayana na bar flat ɗin.

Malamai biyu muka kira mata, duk suka ce babu zunubi a kan wanda bai sani ba. Ta ce ta ji. Duk da haka sai da ta yi kwana arba'in tana ƙara nafila.

Na san da nawa laifin, na ga kalmar da idona na bari aka lallashe ni don ina son a yabe ni. Abokina ya nemi gafara daga baya, na ce na yafe, muna gaisawa. Amma har yau idan mahaifiyata ta zo gidana na miƙa mata ko ruwa ne, sai ta faki idona ta shinshina kofin tukuna. Tana zaton ba na gani. Duk lokacin da ta yi haka, sai na ji yafiyar nan tawa ta koma baki kawai.