Ƙarfen Bayan Motar Baba

Jama'a, yau saura kaɗan in daki mutum a Gazawa!

Kun san tsohuwar motar marigayi Baba, wadda taksi ta buga ta baya ranar kasuwa. Na kai wa mai walda, na ce ya miƙe ƙarfen bayan kawai. Yau na je ɗauka, sai na tarar ya liƙa na roba!

Na ce, "Ina ƙarfena?"

Ya ce, "Haba Alhaji, wannan tsohon yayin? Na zamani na sa maka."

Muna cikin cacar baki, sai ga ƙanensa da amalanken jaki. Wallahi ƙarfen Baba ne ke walƙiya a baya!

Mutumin nan ya dube ni, ko kunya babu, ya ce, "Ka gani? Bai tafi a banza ba!"